A kwance ake sayen jif: yadda na zaɓi motar daji ta farko tsakanin Bauchi da Gombe

A watan Agustan 2024 ne 'yar Corollata ta kafe a wani rafi da ke tsakanin kwalta da gonata, can bayan Alkaleri. Ruwan ko gwiwa bai kai ba, amma ƙasansa yashi ne mai laushi, tayoyin gaba suka yi ta wulwulawa har cikin motar ya zauna daram. Tun bayan la'asar nake wurin, sai gab da isha'i wasu samari da shanun huɗa biyu suka ciro ni. Na shigo Bauchi da laka har wuya. Uwargida ta dube ni ta ce, "Abban yara, ko dai ka haƙura da gonar nan, ko ka nemi motar da za ta iya hanyarta." Gona ba abin bari ba ce, don haka magana ta koma kan mota.

Buƙatata kashi uku ce, kuma ba sa jituwa da juna. Kullum ina sauke yara a makaranta in wuce shagona na kayan noma kusa da kasuwar Muda Lawal. Da damina ina shiga gona sau biyu a mako. Sau biyu a shekara kuma muna zuwa Gembu wajen surukaina, tafiyar da ke cin yini guda cur. Na sayar da Corollar miliyan 4 da dubu 200, na haɗa da kuɗin riɗi da waken suya, abin ya kama miliyan 11. Da na kai maganar majalisarmu ta bayan magariba, kowa ya zama injiniya. Wannan ya ce Hilux ko ba komai, wancan ya ce Prado ce motar manya, wani kuma ya ce da man fetur ya haura naira 1,000 a lita, mai hankali ba ya sayen jif. Duk cikinsu babu wanda ya tambaye ni irin hanyar da nake bi.

Kuskurena na farko shi ne tafiya da dillali ni kaɗai. A farkon Oktoba ya kai ni wani wurin sayar da motoci a nan cikin gari, ya nuna mini wata baƙar Toyota 4Runner sai sheƙi take yi, kujerun fata, esi kamar firiji. Muka zaga da ita kan kwalta, na ji kaina ya yi girma. Aka ce akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi gobe, ni kuwa na yi maza na ajiye dubu 100 kafin alƙalami. Washegari na zo da makanikena da nake kira Oga, dattijon da ya shekara goma yana gyara mini mota. Ko bonet bai buɗe ba. Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta ya shige ƙarƙashinta, bai yi minti ɗaya ba ya kira ni: "Malam, cire hularka ka zo ka gani." Na kwanta kusa da shi da farar shaddata. Ya nuna mini farfela, wato sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, guda ɗaya tal da ta tafi tayoyin baya, ya ce, "Ina wadda ta zo gaba? Babu. Wannan ba ta da ogzilari, abin da ke sa tayoyi huɗu su ja, da ƙafa biyu take tafiya. A rafin nan naka, sai dai a ƙaro shanu, don ta fi Corolla nauyi." Da na yi wa dillalin magana cewa ya yi, "Haba Alhaji, ai jif jif ce." Bayan mako guda na zarya aka maido mini da dubu 40, sauran aka ce na hana su ciniki.

A garejinsa ranar ya zaunar da ni a kan wata tsohuwar taya ya yi mini karatun da ya kamata in nema tun farko. Ya ce abin da muke kira jif iri uku ne. Akwai masu tsayi da aka gina su irin ginin ƙaramar mota, kamar Highlander da RAV4 da CR-V da Lexus RX. Wasunsu na juya tayoyi huɗu, suna kuma iya burji da 'yar laka, ga daɗin zama ga sauƙin mai, amma ba su da ƙaramar giyar ja. Akwai masu shasi irin na a-kori-kura amma tayoyin baya kaɗai ke aiki, irin wadda ta ci mini dubu 60. Ana shigo da su da yawa daga Amurka domin can mutane da dama ba sa sauka daga kwalta. Sai na ukun, masu shasi da ogzilari da ƙaramar giya, wadda za ka ga an rubuta L4 ko 4L a jikin maɓallinta ko sandarta. Ya ce in zan yi wa kaina adalci, kwana ɗari uku a shekara Highlander ta ishe ni, sauran kwanakin ne matsalar. Na yi kwana biyu ina juya wannan magana, domin gaskiya ce. Abin da ya yanke hukunci shi ne sauran kwanakin su ne na sa taki da na feshi, waɗanda in ka rasa su ka rasa shekarar.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ya ƙara mini wata dabara da ta rage mini yawo. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. A 4Runner ta 2003 zuwa 2009 mai silinda shida, in lambar ta fara da JTEBU mai ogzilari ce, in ta fara da JTEZU ba ta da shi. Alama ta goma kuma ita ke faɗin shekara: 6 na nufin 2006, 7 na nufin 2007. Daga nan duk dillalin da ya kira ni sai in ce ya turo mini hoton lambar ta WhatsApp kafin in taso. Wasu ba su sake kira ba. Akwai wadda aka rantse mini 2008 ce don an canza mata fitilu, lambar ta ce 2004.

Makonni biyar da suka biyo baya sai dai in taƙaita. Mun ga wata Hilux mai gida biyu da ta yi aikin kwangila, ƙarfi kam ba a magana, amma kuɗinta ya wuce aljihuna nesa, kuma da na zauna a kujerar baya na tuna awannin da ke tsakaninmu da Gembu, na san uwargida ba za ta yafe mini ba. Mun ga Pathfinder ta 2006 mai araha, Oga ya ce ƙirar waɗannan shekarun an san ta da haɗewar ruwan lagireto da man giya in ba a riga an canza lagireton ba, mai ita kuma bai san tarihinta ba, muka wuce. Mun ga wata 'yar Beljiyam da ba ta taɓa ɗaukar lamba ba, sama kamar amarya, ƙasa kuwa da Oga ya soka sukundireba a shasin sai ɓawon tsatsa ya zubo mana a fuska. Ya ce a jihohin Amurka masu ƙanƙara gishiri ake watsa wa titi, shi ke cin ƙarfen. Wata kuma da muka ɗaga kafet ɗinta muka tarar da busasshen taɓo, ƙarfen da kujeru ke gudu a kai ya yi ja, ga turare an fesa kamar ɗakin biki. Wannan ta sha ambaliya. Wadda ta fi ba ni takaici wata Prado ce a Gombe, mai injin lita 2.7, lafiyayya ta kowace fuska, amma lambar shasin da ke kan takardar dutinta ba ta yi daidai da ta jikin motar ba. Mai ita ya ce kuskuren bugawa ne. Mai yiwuwa gaskiyarsa ce, amma ni mai bin hanyar Numan da Jalingo ne, shingen da ke kanta ba ɗaya ba ne ba biyu ba. A Janairun 2017 aka hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa na tudu, saboda haka motar da takardunta ke da alamar tambaya ba ta cancanci a kwana ana tunaninta ba. Kowace fita ina biyan kuɗin mota da abinci da sallamar Oga, don shi ma shagonsa yake rufewa. Kafin mu gama abin ya tasam ma dubu 120.

A tsakiyar Nuwamba wani dillalin na Gombe ya turo mini lambar da ta fara da JTEBU, alama ta goma 7. Mai motar wani dattijo ne ɗan fansho a Tumfure, ya shekara shida da ita. Oga ya ce mu kwana a Gombe mu same ta da sanyin safiya, kuma a roƙi mai ita kada ya tayar da ita kafin mu zo, domin injin da ya yi zafi yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Da na fara ganinta gwiwata ta yi sanyi. Fentin rufin ya ƙoɗe, dashbod ya tsage gida biyu saboda rana, kujerun yadi ne. Agogonta ya nuna 168,000, na ce ai da sauƙi, sai Oga ya tuna mini cewa motar Amurka da mil take ƙirga, wato kusan kilomita 270,000 ke nan. Shi kuwa tsagewar dashbod ko a jikinsa. Ya buɗe murfin baƙin mai ya duba ko akwai farin kumfa mai kama da madara, ya buɗe lagireto ya duba ko ruwan na da maiƙo, sannan ya sa aka tayar da ita yana tsaye a bayan salansa. Daga nan muka kwanta. A wannan karon ban jira an kira ni ba, kuma da tsohuwar riga na zo. Farfela biyu, shasi baƙi wuluk babu walda babu tsatsa, abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi yana nan ba a yanke shi ba. Shokazoba na gaba duk biyu suna tsiyaya, boljoyin na ƙasa ya yi wasa. Ya nuna mini lambobi huɗu a gefen taya, 2317, ya ce mako na 23 na shekarar 2017 aka yi ta. Zanenta da saura, amma ta tsufa.

Muka hau hanyar Daɗin Kowa da dattijon a gaba. Giya na shiga lafiya, sitiyari ba ya rawa, allurar zafi ba ta motsa ba ko da esi a kunne. Da muka sami wani fili mai yashi Oga ya ce in sauka daga kwalta in murɗa maɓallin ogzilari zuwa H4, wato tayoyi huɗu a babbar giya. Fitilar ta yi ta ƙiftawa, ta ƙi tsayawa. Gabana ya faɗi. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Ɗana, rabon da in taɓa wannan abin tun bikin autata." Oga ya ce abin da ke kashe shi ke nan, rashin amfani, domin ɗan injin lantarki ne ke tura giyar, in ya daɗe a zaune sai ya ƙage. Muka yi gaba muka yi baya, a karo na huɗu muka ji ƙas, fitilar ta tsaya. Ya sa na tsaya cak, na mayar da giya N, na murɗa zuwa L4, motar ta riƙa tafiya a hankali kamar ingarman sa, yashin ko gezau. Sau biyar ya sa na maimaita, shiga da fita, kafin ya yarda. Da muka dawo gari muka biya dubu 10 aka jona mata kwamfuta, ba ta nuna wani abin tashin hankali ba.

Ciniki a zaure aka yi shi, da shayi. Baba ya ce miliyan 9 da rabi. Ban kushe masa mota ba, don wanda ya shekara shida da abu ba ya son jin haka. Takardar da Oga ya rubuta kawai na miƙa masa, tayoyi da shokazoba da boljoyin da kuɗin kowanne. Muka tsaya a miliyan 8 da dubu 700, bisa sharaɗin sai na tantance takardu, kuma ko sisi ban ajiye ba, alkawari kawai muka yi a gaban shaidu. Ya ba ni kwafin komai. Na je ofishin kwastan a Bauchi ranar Juma'a wajen sha biyun rana, wanda wautata ce, lokacin kowa na shirin masallaci, sai na koma Litinin da safe. Na ba da kwafin takardar dutin, aka duba a kwamfuta, cikin awa biyu aka tabbatar mini lambar shasin da ke rajista ita ce ta motar. Na kuma bi ta wajen 'yan sanda aka duba ko an taɓa kai rahoton satarta. A kwanakin nan huɗu ban yi barcin kirki ba, kullum ina jin kamar wani zai riga ni.

Ranar biya sai da na shiga banki na cike fom, don abin da wayata ke iya turawa a rana bai kai ba. Wanda bai shirya wannan ba zai bar mai mota zaune yana jira har yamma. Muka rubuta yarjejeniyar sayarwa da lambar shasi da ta inji da lambar mota da kuɗin da aka biya, ni da Baba muka sa hannu, shaidu biyu kowane ɓangare, aka haɗa da kwafin katin shaidarsa da hotunanmu. Muka je kotu aka yi takardar rantsuwa ta canjin mallaka. Dillali ya karɓi la'adarsa dubu 150, wadda muka yanke tun kafin in ga motar. Na karɓi takardun asali, ba kwafi ba: ta duti, ta shaidar mallaka, lasisin mota, ta lamba, da makulli biyu. Da zan ja motar Baba ya dafa bonet ya ce, "Allah ya sa ta yi maka albarka yadda ta yi mini, Allah ya tsare hanya." Sai da na wuce Alkaleri a hanyar dawowa na lura ban ko kunna rediyo ba, kunnena na kan injin.

A Bauchi na zaɓi in yi sabuwar lamba da sunana. A ofishin lasisin mota na hukumar tara kuɗin shiga aka karɓi takardun, aka ba ni abin da zan biya a banki, na kawo rasit. Jami'an duba lafiyar mota suka gwada fitilu da birki da hon, suka tambayi abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. Ƙwan birki ɗaya ya mutu, na fita na sayo na dawo aka ba ni takardar. Inshorar da doka ta wajabta naira 15,000 ce tun daga Janairun 2023, kuma a kan teburin kamfanin na yi ta, ba a hannun masu tare mutum a bakin ƙofa ba. Duka-duka wannan zagayen ya ci mini kimanin dubu 95 da yini biyu, aka ce in dawo bayan mako biyu in karɓi lamba, hakan kuwa aka yi.

Daga nan ta kwana uku a gareji. Sababbin tayoyi huɗu su kaɗai suka lashe dubu 560. Aka canza shokazoba da boljoyin da fulogi, aka juye baƙin mai da man aksul na gaba da na baya da na akwatin ogzilari, aka sa wa farfela giris. Injin nan mai lita 4 sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, don haka wannan kashin ya sauka daga kaina, kuma da yake irinsa ne a cikin wasu Prado da Hilux, kayansa ba su yi wuya ba. Abu ɗaya kawai aka aiko daga Kano. Lissafin gareji ya tashi miliyan 1 da dubu 150. Da a ce na zuba miliyan 11 ɗin nan duka a kan baƙar nan mai sheƙi, da tsofaffin tayoyi zan hau dutsen Mambila da iyalina.

Maganar mai kuwa, mutumin majalisa bai yi ƙarya ba. Tankinta lita 87 ne, ranar da na fara cika shi na ga kuɗin ya haura dubu 90 sai da na sake duba famfon. Na auna da kaina: a cikin gari da esi lita ɗaya ba ta wuce kilomita 6, a doguwar hanya takan ba ni 8 ko sama kaɗan, Corolla kuwa kusan ninki take ba ni a gari. Yanzu in na sauke yara sai in mayar da ita gida in hau babur zuwa shago, aƙalla kwana uku a mako. Wajen ajiye ta a bakin kasuwa ma aiki ne. Amma a Disamba da muka ɗauki hanyar Gombe, Kaltungo, Numan, Jalingo, Bali, Serti, muka fara hawan nan na Mayo Selbe, na ga inda kuɗin ya tafi. Ramukan da da nake tsayawa ina lallaɓawa sai ta bi ta kansu, yara na barci a baya. A gangarowa na bi shawarar Oga, na riƙe ta da giya ta biyu da ta uku maimakon in kwanta a kan birki, domin nauyinta ya kusa tan biyu kuma birkin da ya yi zafi ba ya jin magana.

Wanda ke shirin bin wannan hanya, ya fara ƙirga kwanakin da yake sauka daga kwalta da gaske. In hanyarsa burji ce kawai ba rafi ba yashi, ya sayi mai sauƙin mai ya huta, babu abin kunya a ciki. In kuwa ta daji yake so, ya nemi lambar shasi kafin ya taka ƙafa, kada ya ajiye ko naira kafin makanikensa na kansa ya shiga ƙarƙashi, ya kuma shiga tare da shi. A gwada ogzilari a kan yashi, ba a tsaye a wurin sayarwa ba. A kai takardar duti a duba kafin kuɗi ya fita, a yanke la'ada tun da wuri, a kuma ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma na kuɗin don gareji. Ta hannu da aka san mai ita ta fi mini 'yar Beljiyam da ba a san inda ta kwana ba, ko da yake wannan ra'ayina ne, Oga ma ba kullum yake yarda da shi ba. Bayan an saya kuma a riƙa sa ogzilarin ko sau ɗaya a wata, amma kada a kulle giyar tsakiya, wadda ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, a kan busasshiyar kwalta.

Da daminar 2025 ta kankama na koma rafin nan, ruwan ya fi na bara. Na sauka na taka shi da ƙafa tukuna na ji inda ƙasan ya fi tauri, na dawo na sa L4, muka haye ba tare da tayar ta ko zame ba. Samarin nan na zaune a ƙarƙashin wata ɗorawa da shanunsu. Babbansu ya taso yana dariya ya ce, "Alhaji, ka kashe mana kasuwa." Kasuwar ba ta mutu ba, hannu ta canza: kafin kaka sau shida ana buga mini waya in zo in ja motar wani, har na sayi igiya mai kauri na ajiye a but kusa da safaya. Dashbod ɗin har yau a tsage yake, uwargida ta ɗinka masa shimfiɗa.